Tsuntsun da Ban Gina Ba

Kwalin madara ne, an ɗaure shi da igiyar shanya. Maƙwabciyata ta kawo mini shi ranar da za ta tafi hutu ƙasarsu, Filifin. Nas ce a wani asibiti, ta girme ni nesa ba kusa ba, ƙofarta na kallon tamu a hawa na uku a unguwar Aziziyya ta Jidda. Sista nake ce mata, ita kuma ta ce mini Mama. Ita ta riƙe hannuna ranar da naƙudar autana ta taso maigida yana can unguwar Khumra wajen aiki, har motar asibiti ta iso.

Rufin ɗakinta ne ke yoyo, tana tsoron ruwa ya shiga kwalin kafin ta dawo.

"Amana, Mama," ta ce da Larabcinta na gutsuri-gutsuri. "Kayan bishiyar Kirsimeti ne. Mahaifiyata ta yi su da hannunta, ta rasu."

Na ce mata halas, wato shi ke nan, ta tafi da kwanciyar hankali. Na tura kwalin lungun ɗakin baƙi, na manta.

Bayan sati biyu dangin maigida suka zo umra daga Sudan, gida ya cika. Suka dawo daga Makka da jarkokin zamzam, kuma ba zan bar zamzam a ƙasa inda ƙafafu ke wucewa ba. Na dubi lungu, na ga kwali, na ɗora jarka biyu a kai. Ni da hannuna. Sai da baƙi suka tafi na ɗaga jarkokin, na ga saman kwalin ya lotsa. Da na girgiza shi na ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

Na zauna a ƙasa na kwance igiyar, bakina na ta maimaita innalillahi. Taurari ne na yumɓu, da ƙararrawa, da ƙananan gidaje masu taga, kowanne da ɗan rami a sama da zare. Fentinsu ya koɗe, ja ya koma kamar ruwan goro. Guda huɗu kaɗai suka tsira. A ƙasan kwalin, cikin tsohon hankici, akwai tsuntsu. Shi kam ya zama gari, sai kai da fiffike ɗaya.

Saura kwana goma sha biyu ta dawo.

Da maigida ya shigo na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ki faɗa mata kawai, Hajiya."

"Da wane bakin? Matar da ta ce mini amana?"

"To mu nemo wasu a kasuwa."

"Kasuwa na sayar da hannun mahaifiyarta ne?"

Ya ɗaga kafaɗa ya tafi alwala. Ni kuwa na riga na yanke abin da zan yi, ko da yake ban faɗa wa kaina sunansa ba. Kakata maginiyar tukwane ce a Sudan, na yi wasa da yumɓu a gabanta tun ban iya ɗaura zani ba. Washegari na je maktaba, shagon littattafai, na sayo irin yumɓun da 'yan makaranta ke aiki da shi, salsal suke ce masa, mai bushewa da iska. Na murza shi da muciyar filawa a kan faranti, na ɗora gutsattsarin tauraro na zana gefensa da wuƙa. Ramin zare kuma da tsinken shan lemo na huda.

Iskar Jidda ruwa ce, ko wanki sai ya ga dama yake bushewa. Kwana biyu suna nan ɗanye, na kasa haƙuri, na jera su gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ƙure sanyin. Da safe duk sun tsage, wasu sun lanƙwashe kamar ɓawon lemo. Na tsaya a kansu ina kuka. Sai na tuna kakata ba ta taɓa kai sabuwar tukunya rana ba, a inuwa take ajiyewa ta rufe da tsumma. Na sake daga farko, na shimfiɗa su ƙarƙashin gado, ina juya su bayan kowace salla.

Waɗannan suka yi kyau. Na goge gefensu da takardar yashi, na shafa fenti, sai suka fito jawur kamar kayan shago. Na dafa shayi mai kauri ba sukari, na riƙa shafa musu da auduga har jan ya kwanta, farin ya yi duhu. Na ɗan kankare bakin ƙararrawa da farce don ta yi kama da wadda ta sha hannu. Na ajiye nawa kusa da na gaske, sai da na duba sau biyu kafin na bambance.

Maigida ya leƙo ya ce, "Masha Allah, har tsufan ma kin gina. To don wa ake tsufar da su?"

Na ci gaba da shafa shayina. Amma a sallar la'asar na rasa raka'a nawa na yi. Da sabbi zan ba ta, ai biyan ɓarna ne. Shayin nan don kada ta gane ne.

Ga kuma tsuntsu. Tauraro da gida ba su da rai, ban ji komai ba da na yi su. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu kada a sassaƙa siffar abu mai rai, kakata ma ko a bakin tulu ba ta taɓa zana ƙadangare ba. Sau uku na dunƙula yumɓun a tafina, yatsuna sun san inda za su matsa wuya ya fito. Sau uku na mayar da shi leda. Idan na gina shi, na saɓa wa abin da na yi imani da shi. Idan ban gina ba, tana buɗe hankicin za ta gane. Kwanakin nan ko abinci ba ya mini daɗi, duk motsin lif sai na ɗauka ita ce ta dawo.

Ranar Alhamis da hantsi na ji jan akwati a baranda. Ban jira ta huta ba, don na san idan na jira zan canza shawara. Na ɗauki faranti biyu, ɗaya da nata huɗu da gutsattsarin da hankicin, ɗaya da nawa, na ƙwanƙwasa.

"Sista, na ci amanarki. Ni na fasa. Waɗannan ni na yi, shayi na shafa musu."

Ta zauna a bakin kujera. Ba ta dubi nawa ba. Hankicin ta buɗe, ta ɗauki kan tsuntsun ta ɗora a tafinta. Hawaye na bin kumatunta, ni kuma ina tsaye da faranti kamar mai talla.

Can ta ɗauki ƙararrawa ɗaya daga cikin nawa, ta kai hanci.

"Shayi? Wallah, Mama, ke ɓarauniya ce babba." Ta yi wata 'yar dariya ta share ido. "Ina tsuntsu?"

"Ba zan iya ba. Addinina ya hana ni gina mai rai."

"Haram?"

"Gare ni, eh."

Ta gyaɗa kai. "Mahaifiyata ma ba ta iya tsuntsu ba. Wannan ni na yi, ina 'yar shekara tara. Shi ya sa ta naɗe shi daban." Ta miƙo hannu. "Yalla, akwai sauran salsal?"

Na koma na ɗauko ledar. Ta zauna a teburinta da kayan tafiya a jikinta tana dunƙulawa, ni kuma ina gefe ina jiƙa mata yatsu da ruwa a kofi, ban taɓa yumɓun ba. Abin da ya fito ya fi kama da dankali mai baki. Ta ɗaga shi ta nufi mukayyif.

"A'a, Sista!" na ce. "Ƙarƙashin gado."

Huɗun mahaifiyarta ta rataye a saman bishiyar, nawa a ƙasa, inda ta ce idan sun faɗo babu asara. Gutsattsarin kuma ta mayar cikin hankici. Ba ta sake ba ni ajiya ba, ni ma ban tambaya ba.