Mai Ba Jirage Ruwa

Shekarun baya, mahaifina yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wadda muke ce wa mina. Motar ruwa yake bi. In jirgi ya tsaya, shi ke jan mesa ya haɗa a cika masa tanki.

Aikin wahala ne, amma ko zazzaɓi ba ya hana shi fita. Dalili kuwa, da suka taho hajji ta Sudan tun suna samari, ƙaninsa ya kwanta ciwo a Bur Sudan. Mahaifina ya ƙetaro, a kan ƙanin zai biyo baya. Shiru. Shi ya sa duk jirgin da ya iso, hannunsa na kan mesa, idonsa na kan masu saukowa. Masu komawa kuma ya ba su saƙo: “In kun gan shi, ku ce yayansa ne ke ba jirage ruwa.”

Sai aka fara kawo wasu jirage ƙatti-ƙatti kamar otal, waɗanda motar ruwa ba ta ƙosar da su. Aka haƙe bakin tashar, aka binne manyan bututu, aka kafa famfuna. Kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya ce halas, aiki ya ƙare, ya karɓe katin shiga tashar.

Ni da wayona har murna na yi. Na ce, “Baba, ai ka huta da ciwon baya.”

Ya dube ni ya ce, “In ya sauko, wa zai gani?”

Daga nan ya fara lalacewa a zaune a gidanmu na unguwar Sa'alaba, har Allah ya karɓi abinsa.

Ba a daɗe ba wani mai shago ɗan Nijar ya rako mana wani tsoho da jakar umra. Wallahi ina ganin goshinsa na gane ƙanin mahaifina ne. Ashe saƙon ya same shi tuntuni, halin tafiya ne bai samu ba sai bana.

Ya ce, “Ɗana, na sauko ina ta dube-dube. Na tambayi mai ba jirage ruwa, aka nuna mini famfo.”

Ban ga laifin kowa ba, dole tasha ta ci gaba. Amma har yau abin na cina, kuma ban ƙara ce wa wanda aka raba da aikinsa ya huta ba.

Na kawo wa baffan nawa ruwa a kofi. Ya riƙe bai sha ba, ya ce in fara kai shi wurin yayansa.