Gaisuwar Baba Mamadu

Cikin shekarun da na yi ina aiki a ƙaramin gidan rediyonmu na Yelwa, akwai wata Laraba da har yau ta ƙi barin raina. Lokacin ne ƙasashe uku maƙwabta suka ce za su fice daga ƙungiyar ƙasashen yankin nan, kowa kuma ya zama masani kan yadda ya kamata a rabu. Ga wanda bai san aikin ba, furodusa shi ke zaɓo batu da baƙi, ya zauna bayan gilashi, mai gabatarwa ya yi magana. In shiri ya yi kyau a yabi mai murya, in ya ɓaci a nemo furodusa. Ni ne furodusan.

Na gayyato mutum uku. Akwai Dokta Bawa, malamin kimiyyar siyasa, mai ganin a bi sannu, a ba da wa'adi. Akwai Alhaji Tukur, dillalin albasa, wanda kayansa suka taɓa ruɓewa a kan iyaka, shi ya sa yake ganin a yanke kawai. Na ukun Baba Mamadu ne, masunci, ɗan ɗaya daga ƙasashen ukun, wanda ya zo tafkin nan tun yana saurayi, ya kafa tunga, wato ƙaramin ƙauyen masunta, kusa da Warra, ya aurar da 'ya'ya, ya binne matarsa ta fari a tungar.

Na roƙi Manajan gidan rediyon a naɗi shirin tukuna, mu tace, sannan a watsa. Ya ce, "Malam Garba, kai tsaye mutane ka so. Naɗaɗɗen shiri tuwon jiya na."

Dokta ya fara. Ya jera haraji, da tsaro, da bashin da ke tsakani, ya ce batun mutanen da ke zaune a ƙasashen juna yana cikin ƙananan batutuwa, a bar shi ƙarshe. Alhaji ya katse shi: "Dokta, aje Turanci. Wanda yac ce ya bar gida, shi naɗe tabarmatai!" Dokta ya ce, "Alhaji, ai ko saki akwai idda." Aka yi dariya, wayoyi suka fara shigowa. Da aka juyo kan Baba Mamadu, sai ya ce shi bai san ƙungiya ba, bai kuma taɓa yin takardar zama ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Al'adarmu ce a ƙarshen shiri a ba baƙo dama ya yi gaisuwa. Dokta ya gai da ɗalibansa, Alhaji ya gai da abokan ciniki. Baba Mamadu kuwa ranar ya fara shiga rediyo, kuma mutumin kirki ba ya gaisuwa ya tsallake wani. Ya ɗauko 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da tungarsa, daga Ngaski har ɓangaren Shanga, yana cewa, "Duk gida ɗaya muka fito, daga can." Na yi wa injiniya alama ya ɗaga kiɗa ya rufe muryar Baba. Injiniyan ya ce, "Haba, a bari tsoho shi ida." Ya kuwa ida, ya lissafa su kaf.

Doka ba ta canza ba. Hukumomi ma sun ce kowa ya zauna inda yake har a gama magana. Amma a bakin ruwa akwai waɗanda suka daɗe suna hangen wurin da Baba Mamadu ke zuba taru, abin da suka rasa kawai hujja. Sai ga ta an watso musu kyauta. Suka je suka ce, "Rediyo ya ce ku naɗe tabarma." Aka yayyanka taruna, aka kwance jirage aka sake su a ruwa, aka bi tunga-tunga bisa tsarin gaisuwar. Manaja kuwa, ganin shirin ya karɓu, ya sa aka maimaita shi ranar Asabar, har da gaisuwar.

Baba Mamadu ya zo ofis yana neman mu faɗa wa jama'a cewa ba haka rediyo ya ce ba. Na shiga da shi wurin Manaja. Ya ce, "Baba, mu ba mu shiga rikicin ruwa." Da na matsa, ya yarda da jimla ɗaya cikin labaran safe, lokacin da duk masunci yake tsakiyar tafki. Kafin damina Baba ya kwashi iyalinsa ya koma ƙasar da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba. Dokta ya rubuta maƙala kan batun, an ce ta yi kyau. Albasar Alhaji har gobe tana tsallaka iyaka.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya. Mu 'yan rediyo muna auna baƙo da daɗin bakinsa, muna kiran hakan daidaito in mun zaunar da kowane ɓangare a kujera iri ɗaya. Kujerun ɗaya ne, amma masu zama ba ɗaya ba ne. Kafin ku kunna wa mutum makirufo, ku tambayi kanku a tsakiyar su wa zai kwana bayan an kashe makirufon.