Sawun Da Na Gani A Bayan Danga

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a wani ƙauye gefen Ɗanbatta, karatuna bai wuce haɗa baƙi ba. Lokacin da abin ya faru ɗana na fari yana rarrafe, maigidana kuma ya tafi noman rani Watari. Tun ina da cikin yaron nan nake fama da tsoron masu satar yara, ko banɗaki zan zaga sai na goya shi.

Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne wani dogon littafi da ake karantawa a waya, na wani mai bincike da ake ɗauka haya ya gano ɓarayi da masu kisa. Kashi-kashi ne, ba ya ƙarewa, in na gama wannan sai in aika wurin masu caji a saka mini na gaba. Ina ɓarar gyaɗa ina saurare. Mutumin nan da sawu yake kama mai laifi, har ni ma na koyi share bayan dangarmu da safe, da yamma in je in duba. Ai kuwa sai ga sawu: takalmin taya, dugadugin hagu ya cinye, ga ramin sanda a gefe. Duk ranar kasuwa mai sawun yake zuwa, ya tsaya daidai inda nake shimfiɗa wa yaro tabarma daga ciki, sannan ya juya. Na gaya wa maƙwabciyata, na ce wannan ba mai wucewa ba ne, gidan yake nazari. Ta gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya wa samari.

Ranar kasuwar da ta zagayo, bayan la'asar, sai na ji ihu ana cewa ɓarawon yara, sai ƙarar duka kamar ana sussukar gero. Allah ya yafe mini, daɗi na fara ji. Da na fita goye da yaro na tarar an kewaye mutum a ƙasa, wannan da gora, wannan da ƙotar fartanya, wani na cewa a kawo taya da fetur. Takalminsa ɗaya ya fita, ga dugadugin nan da ya cinye. Sai aka shure shi ya juyo, jini ya rufe masa rabin fuska. Na faɗa kansa ina cewa, "Baba ne, wallahi mahaifina ne!" Gora biyu a kafaɗata suka sauka kafin su daina.

Ni ce 'yarsa ta fari. Don kunya bai taɓa kiran sunana ba, gidan aurena kuwa ko zaure bai taɓa shiga ba. Garinmu da nisa, ba wanda ya san shi a nan sai maigidana, sandar ma bayan aurena ya fara riƙe ta. A asibiti ya gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa in ya taso kasuwa yakan ratso ne kawai ya ji gwarancin yaron. Idonsa na dama ya tafi, hannunsa har yau bai ƙara ɗaga fartanya ba. Da na durƙusa neman gafara, kansa ya kawar, ya tambayi Inna ko yaron ya fara tafiya.

Duk tsawon littafin nan ban taɓa jin an bi sawu an tarar da mai ƙaunarka ba, shi ya sa ban kawo haka a raina ba. 'Yan uwana mata, ku saurari labari a matsayin labari. In kun ga sawu, ku leƙa ku ga fuska kafin ku gaya wa kowa. Kuma don Allah ku sa Babana a addu'a.