Baba Saje da Ƙarafan Jabu

Duk wanda ya zauna da Baba Saje a Hayin Banki ya san ba a miƙa masa ƙarfe ya karɓa kamar sauran mutane. Sai ya shinshina shi tukuna, ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa na gaba, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Ranar da ake sauke kayan aurena a tsakar gida, tukwanena ya bi ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Wannan ta asali ce. Wannan kuwa, an cuci iyayen yarinya." Na yi kuka har na gode Allah, na ce surukina ya ƙi ni. Ashe ko kwaɗon masallaci bai tsira ba!

A soja gyaran bindigogi yake yi. Da ya yi ritaya sai ya maƙale wa abu ɗaya, wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa tsofaffin bindigogin yaƙin duniya, wanda ke riƙe madubin hangen nesa. Mariƙi yake ce masa. Masu tara kayan tarihi suna neman na asali ido rufe, masu ƙera na jabu kuma ba sa barci. Shi ake kawo wa ya raba gardama. Ni dai da na ji an ambaci bindiga sai na ce masa:

"Baba, in 'yan sanda suka zo fa? Ga yara."

"Ke Maman Hanifa, kin ga bindiga a gidan nan? Wannan ko ɓera ba zai kashe ba, sai in kin iya jifa."

Kun tuna Alhajin nan na Unguwar Sarki mai farar mota? Ya zo da nasa naɗe a ƙyallen karammiski, wai ya sha yaƙin Bama. Baba ya kwance noti guda, ya duba ƙarƙashinsa, ya ga ƙarfe fes yana ƙyalli, tsatsar duk a waje take.

"Alhaji, tsatsar gaskiya a lungu take ɓuya. Wannan shafa masa aka yi da ruwan gishiri."

"Haba Saje! Bama fa aka ce min!"

"Ranka ya daɗe, wannan ko nan unguwar Kawo bai taɓa zuwa ba."

Alhaji ya fita ko sallama babu. Baba ya bi shi da kira, wai ya bar masa ƙyallen, shi kam na asali ne.

To ga wanda ba ku sani ba. Shekarar da aiki ya tsaya wa Abban Hanifa, keken ɗinkina ne ke ɗora mana tukunya. Sai wani dillali ya kawo masa mariƙi shida a kwali, wai daga wani tsohon sito aka tono su. Maigidan ya ce za a sayar da keken a saye su, in an sami riba ya sayo min mai lantarki. Har ya kira mai saye, zai zo bayan la'asar. Ya kuma ce kada Baba ya ji, don shi komai jabu ne a wurinsa.

Wallahi ranar ko zare na kasa zura wa allura. Ina kallon yaran nan biyu ina cewa, in keken ya tafi me za su ci? Da ya fita sallar azahar na ɗauki kwalin, na ɗora kofin kunu a kai, na nufi wurin Baba a zaure.

Lokacin ido ya yi wa Baba rauni, haƙorin ma an cire. Ya shinshina, ya auna a tafin hannu, ya kwance noti. Can ya ce, "Kai, wanda ya yi wannan ya iya. Ƙarfen mai nauyi ne. Ba zan rantse ba." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Na ce, "Baba, ni dai ban san komai ba. Amma me ya sa duk suke da tabo ɗaya a gefen hagu? Kamar in na ɗora yadi shida na yanka da almakashi lokaci guda."

Ya ce in ɗora masa yatsa a wurin. Ya shafa na farko, ya shafa na biyu, har na shida. Sai ya tuntsire da dariya har da tari.

"Sojoji shida, kowa ya faɗi a kan dutse ɗaya, ta gefe ɗaya? Zubi ne, 'yar nan, irin na tukunya! Na asali guda suka samu suka kwafe shi har da ciwonsa."

Da la'asar mai sayen keke ya yi sallama. Ya tarar da Baba zaune daram a kujerar ɗinkina, da tsohuwar hularsa ta soja, ƙafa a kan feda.

"Baba, keken ne na zo gani."

"Ga shi nan. Amma da ni za ka haɗa, kuma ina cin tuwo sau uku."

Mutumin ya juya. Abban Hanifa ya tsaya yana zare ido, ya ce wa ya gaya masa? Ni kuwa ina bayan labule. Baba ya ce wa ɗan nasa, "Kai Sani, ni za a gaya wa? Tun daga zaure na jiyo warin jabu a gidana. Mayar wa dillalin kayansa."

Har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa wa kowa ni na kai kwalin ba. Abban Hanifa, yau ka ji, ka yi haƙuri. Rigunan makarantar da yaran suka saka bana a keken nan na ɗinka su.

Allah, Baba ya rufa min asiri ranar da ba ni da mai tsaya min. Ka rufa masa nasa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ya huta. Amin.