Hoton da Aka Sa Ni Ɗauka a Kufai

Kyamarar ta hannu ce. Na saye ta wurin wani mai ɗaukar hoton biki a Gummi da ya gaji da sana'ar ya koma noman shinkafa a fadama. Lokacin ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma ranar Asabar ba ni da abin yi sai yawo. Hoton mutane bai taɓa ba ni sha'awa ba. Da ka ɗaga kyamara sai mutum ya gyara hula, ya ƙame kamar an kafa shi. Ni tsofaffin abubuwa nake so, waɗanda aka bari a gefen hanya kowa yana wucewa ba ya kallo.

Na ɗauki wata kuka a hanyar Bukkuyum wadda tsawa ta tsaga, wani wanzami ya mai da kogonta wurin aski. Na ɗauki gangar jikin wata tsohuwar gingimari da kurna ta tsiro ta tsakiyarta har ta ɗage rufin. A ƙauyukan wajen Anka na ɗauki injinan niƙan dutsen zinariya da suka yi tsatsa tun shekarun da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara. A can ne na faɗa wani fili mai ƙananan kaburbura a jere, na mai da kyamarar jaka, na yi addu'a na wuce.

Mai kai ni duk wuraren nan taubashina ne, ɗan kawuna, wanda ke kabu-kabu da babur. Ya girme ni kaɗan, kuma bai taɓa barin tsokanata ba.

"Mutane na ɗaukar amare, kai kana ɗaukar katanga," haka yake cewa. "Malam, wanga boko naka bai yi maka rana ba."

Shi ne kuma ya ba ni labarin wani tsohon gari can bayan Zugu. Ya ce yana da ganuwa tun ta kaka da kakanni, da rijiyoyin marina, da masallacin ƙasa mai ginshiƙai. Mutane na zaune a ciki har 'yan shekarun nan, sai hare-haren 'yan bindiga suka yi yawa, suka kwashe suka bar shi. Ya ce damina biyu ko uku nan gaba, ba abin da zai rage sai tsibin ƙasa.

Da na gaya wa Inna, tana dama fura ta sayarwa a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Mi za ka yi da katangar da masu ita sunka gudu sunka bari?"

Na ce hoto kawai, kafin azahar mun dawo.

Ƙarshen damina ne. Dawa ta yi tsawo ta fi mutum a kan babur, ciyawa ta rufe gefen hanya. Har Zugu muna gamuwa da mutane muna gaisawa. Bayan Zugu hanyar ta koma 'yar siririya, sannan gaisuwa ta ƙare. Mun wuce gonakin gero da ya nuna har tsuntsaye suka cinye zangarniyar, ba wanda ya zo girbi. Wata mata ɗauke da itace ta ji ƙarar babur ɗinmu, ta yar da kayan ta shige cikin dawa, ko waiwaye ba ta yi ba.

A wani mashigin rafi muka tarar da wani tsohon Bafulatani zaune a kan dutse, yana kallon 'yan tumaki da ba su taka kara sun karya ba. Sandarsa irin ta mai garken shanu ce, amma ko saniya ɗaya ban gani ba. Muka tsaya muka gaishe shi.

"Ina zuwa, samari?"

Taubashina ya ce, "Baffa, tsohon garin nan za mu leƙa. An ce ba kowa ciki."

Tsohon ya dubi jakar da ke rataye a wuyana, ya daɗe yana kallo.

"Masu shi dai sun tashi," ya ce. "Ni ban ce ba kowa ba."

Muka so ya ƙara bayani, sai ya miƙe ya kora tumakinsa ya bi gefen rafi. Muka dubi juna. Daga inda muke ana hango kan ganuwar ta saman ciyawa, ja wur a cikin rana. Taubashina ya ce mun riga mun iso, in tsaya daga bakin ƙofa in ɗauka, mu juya. Ya kashe injin, muka tura babur ɗin da hannu.

Ganuwar ta fi yadda ya kwatanta. Ruwan sama ya zaizaye ta, ta yi giɓi-giɓi kamar bakin tsoho, amma kaurinta a gindi ya isa mutum ya kwanta a kai. Daga ƙofar ana ganin rijiyoyin marina, bakinsu har yanzu da shuɗin baba, kwaɗi na iyo a ciki. Rumbuna sun tsaya ba hula. Wani turmi ya kife a tsakiyar hanya, gara ta hau shi. Na manta da tsoro, na yi ta ɗauka, ina matsawa ciki kaɗan-kaɗan ba tare da na lura ba.

Ta cikin kyamarar na fara ganin abin. Ina daidaita rufin masallacin, sai wani abu ya yi ƙyalli a sama. Na jawo shi kusa. Faifan sola ne ƙarami, sabo, da waya ta sauko ta taga. Na sauke kyamarar na dubi ƙasa. Sawun tayar babura ne birjik a kan yashi. A jikin wata katanga an shanya fatar akuya ɗanya, ƙudaje na bin ta.

Na juya zan yi wa taubashina alama, sai na ji murya daga bayan masallacin.

"Ku ƙaraso mana, baƙi."

Suna zaune a gindin tsamiya a kan tabarmi, bindigogi jingine da gwiwoyinsu, tukunya na tafasa a gefe. Ga alama tun shigowarmu suke kallonmu. Ban ƙirga su ba, idona bai yarda ya tsaya kan kowa ba. Aka ce mu zauna, muka zube a ƙasa. Wani babba a cikinsu, wanda ya naɗe rabin fuskarsa da rawani, ya miƙo hannu, na cire kyamarar na ba shi.

"Wa ya aiko ka?"

Na ce ba kowa, ni malamin makaranta ne, tsofaffin gine-gine nake ɗauka.

"Ka kai wa wa?"

Na ce ajiyewa nake yi. Ni kaina da na ji amsar a kunnena na san ba ta da kan gado. Ya sa na nuna masa yadda ake duba hotunan, sauran suka taso suka kewaye shi. Ga kuka, ga gingimari, ga injin niƙa, ga katanga, ga wata katangar. Wani ya fashe da dariya ya ce wannan ai taɓaɓɓe ne. Mai rawanin bai yi dariya ba. Da ya iso kan hoton rufin masallacin, wanda faifan solar ya fito a ciki, sai ya tsaya, ya ɗago ya dube ni. Ina jin numfashin taubashina a gefena.

Sai wani daga baya, siriri mai tabo a gira, wanda bai wuce sa'ana ba, ya matso ya leƙa fuskata.

"Kai ba ɗan Inna mai hura ba ne, ta Gummi? Gida mai darbejiya biyu a ƙohwa?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce tsohuwarsa ce ke kai wa Inna gero ranar kasuwa, shi kuma yana yaro yakan zauna a zaurenmu yana jiranta, Inna ta miƙo masa fura a ƙoƙo. Ya tambayi lafiyarta kamar mun haɗu a wurin suna. Ya tambaya ko rijiyar tsakar gidan tana nan. Na yi ta kallonsa ina neman yaron da yake faɗa, ban same shi ba.

Suka koma gefe shi da mai rawanin suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da suka dawo, aka sa na goge duk abin da na ɗauka a garin, ɗaya bayan ɗaya, mai rawanin na tsaye a kaina. Aka zuƙe man babur ɗinmu aka bar mana ɗan abin da zai fitar da mu. Har mun miƙe, sai mai tabon ya ce in dakata.

"Tunda ka zo da ita, ɗauke ni."

Ya ja ni zuwa ƙofar ganuwa. Ya tsaya, ya gyara hula, ya riƙe bindigar a ƙasan ƙirji, ya ƙame. Hoton farko ya fito dishi-dishi. Na dafa gwiwar hannu a kan katanga na sake. Ya karɓa ya duba, ya yi murmushi irin na yara.

"A wanke shi babba," ya ce.

Na tambaye shi inda zan kai masa.

"Ba sai ka kai ba. Mun san gida."

Ba mu rage gudu a hanya ba sai da muka ga rufin kwanon Zugu. A nan taubashina ya tsaya, ya sauka ya tsuguna a gefen hanya ya yi ta amai.

Ban gaya wa Inna ba. Kawuna na samu, mahaifin taubashin nawa, wanda ke karantar da manya a zaurensa bayan la'asar. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce in ban wanke ba aka zo nema, ban san da wace fuska za a zo ba. In kuma na wanke a Gummi, kafin dare gari ya ɗauka cewa malamin makaranta na yi wa mutanen daji hoto, kuma 'yan sa-kai ba su cika tsayawa jin bayani ba. Ya ce in tafi inda ba a san ni ba.

Sakkwato na je. Na shiga wani shagon wanke hoto a lungu na miƙa katin kyamarar. Mai shagon ya duba allon na'urarsa, ya dube ni. Da ya gama ya miƙo mini hoton a kife cikin ambulan, ya kau da kai har na fita. Duk shingen jami'an tsaro da muka tsaya a hanyar dawowa, ambulan ɗin na cikin rigata, manne da fatata, yana jiƙewa da gumi.

Na cusa shi a bayan silin ɗakina. Daga nan sai jira. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gida sai in kasa kunne. In baƙo ya yi sallama a zaure, sai na leƙa ta kafar ƙyaure kafin in amsa. Taubashina ya daina ɗaukar fasinjan da zai fita gari, ya koma jigilar 'yan kasuwa daga tasha zuwa bakin gulbi. In mun haɗu mukan gaisa kamar surukai, tsokana ta mutu a tsakaninmu. Kyamarar kuwa na naɗe ta cikin tsohon rawani na sa a ƙasan akwati. Aka girbe shinkafa, rani ya zo ya wuce, aka sake shuka, ba wanda ya zo.

Ranar da aka zo, mace ce. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, mayafinta ya koɗe, ta yi sallama da rana tsaka ta shigo har tsakar gida. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta tafa hannu ta rungume ta. Mai kawo geron nan ce. Ta ce yanzu a Anka take, cikin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Suka sha ruwa, suka yi ta lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda ba a san inda suke ba. Ina ɗaki ina jin komai. Can sai ta rage murya.

"An ce ɗanki na da hoton yaro na."

Inna ta kira ni. Na fito na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ya rasu tun kafin azumi. Ba ta faɗi yadda aka yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ta ce rabon da ta sa shi a ido tun ranar da ya bar gida, kuma ko gawarsa ba ta gani ba. Wani abokin tafiyarsa ne ya aiko mata da saƙon rasuwar, da maganar hoton.

Na hau kujera na zaro ambulan ɗin, na kakkaɓe ƙurar silin na miƙa mata. Ta riƙe shi nesa da ido, ta matso da shi kusa. Ta shafa tabon girarsa da ɗan yatsa, ta ce jaki ne ya harbe shi yana ƙarami. Ba ta yi kuka ba. Sai ta sa tafin hannu ta rufe ƙasan hoton, inda bindigar take.

"Ɗana, ba a iya cire wagga?"

Inna ta ɗauko almakashin ɗinkinta ta ba ni. Na yanke hoton daidai ƙasan kafaɗa. Tsohuwar ta naɗe rabin sama a gefen zanenta ta ƙulle. Ta ƙi tsayawa cin abinci, ta ce motar Anka ba ta jira.

Na raka ta zaure. Tana sa takalmi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wanda ya aiko da saƙon ya tambaya ko malamin yana nan yana yawo da abin hotonsa. Na ce na daina.

"Haka zan ce mishi," ta ce, ta fita.

Da na koma ciki, Inna na tsaye da sauran rabin a hannu, wanda ba kai, sai hannuwa biyu da bindiga da jar katanga a baya. Ba ta tambaye ni yaushe ba, ba ta tambaye ni a ina ba. Ta tura shi cikin murhu ƙarƙashin tukunya, ya nannaɗe yana wari irin na leda. Ta tsaya har ya zama toka, ta motsa da itace.

"Gobe ka kira mai walda," ta ce. "A sa ma zauren nan ƙyauren ƙarhe."