Mai Doki a Layin Gahawa

Motoci uku kacal ke bin motar gawar babana, a garin nan namu na jihar Wyoming ta Amurka da ya shekara arba'in yana gyara wa mutane shinge. Raina a ɓace yake. Danja ta tsayar da mu daidai shagon da ake miƙo gahawa ta taga, sai ga wani mahayi a layin masu saye: mota gaba, mota baya, shi a tsakiya bisa jan doki.

Tsoho ne siriri, sirdi ya gwame masa ƙafafu. Taɓo ya bushe a takalmansa, babban yatsansa na dama kuma guntu ne, ina jin igiyar kamun maraƙi ce ta cinye shi. Ban san shi ba. Da alama tun asuba ya baro wani garke mai nisa.

Yana hango mu ya sauka da ƙyar, ya ja dokin gefe, ya cire malafarsa ya dafe ta a ƙirji. Dokin ya samu sarari, ya hau cin furannin shagon.

Yarinyar shagon ta leƙo. "Kaka, an zo kanka fa! Za ta huce!"

"Bar ta ta huce, 'yar nan. Mutum ne ke wucewa."

"Ka san shi ne?"

"Sai na san shi?"

Danja ta ba mu hannu. Ta madubi ina ganin direbobin layin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hularsa a hannu. Na daina ƙirga motocin da ke bin babana.