Takalman Mai Tsaron Baya

Duk lokacin da na ji ƙamshin man shanu a jikin fata, sai in ga Baba zaune a bakin gado a gidanmu na unguwar Jamaica, yana shafe takalman ƙwallonsa a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Kafin ya zama direban tasi a filin jirgin saman JFK, Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga ƙwallo a ƙananan garuruwan Italiya, waɗanda ba a nuna wasanninsu a talabijin. Kowace shekara sai a tura shi wani gari, ya saɓa jakarsa ya tafi. Mai tsaron baya ne, bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Da wannan direbobi suke tsokanarsa, Kawu ƙanin Mama a kan gaba.

Kawu yakan ce, "Ɗan Italiya, wai ƙwallo nawa ka ci ne? Na duba waya, ko sunanka ban gani ba."

Baba sai ya yi murmushi. Ni kuwa, ina 'yar ƙarama, ƙirjina ya yi ta zafi.

Wata Sallah da ta faɗo cikin zafi, aka haɗa wasa a filin unguwa, samari da dattawa. Mama ta ce, "Maigida, ka tuna da gwiwarka." Ya ɗaure takalman, ya shiga fili.

Ban ga ya yi gudu ba. Sai dai duk inda ƙwallo za ta faɗi, ka tarar ya riga ta zuwa. Ya jera tsofaffin nan masu tumbi a layi ɗaya, yana nuna musu da hannu, su matsa gaba, su ja baya. Samari suka yi ta zuwa suna komawa, har suka fara zagin juna. Aka tashi babu ci.

Kawu ya ce, "To ga shi, yau ma ba ka ci ba."

Baba yana kwance igiyar takalmi, gwiwarsa ta kumbura, ya ɗago kai. "Yaro, su kuma nawa suka ci?"

Yanzu a kan kujera yake sallah, ni ke shafe takalman. Idan abokan karatuna suka zaro waya za su nemi sunansa, nakan ce su mayar da ita aljihu. Ba sa bukatar waya. Ni na tsaya a bakin filin nan, kuma babu wanda ya wuce Babana.